Wanda ya taɓa kamuwa da korona, me allurar rigakafi take ƙara masa? Tambayoyi da amsoshi

A ƙarshen 2020 da farkon 2021, lokacin da aka fara yi wa ma'aikatan asibiti allurar rigakafin korona, masu auna jini sun lura da wani abu. Mutum biyu za a yi wa allura iri ɗaya a rana ɗaya, bayan kwana goma jinin ɗaya ya cika da antibodi, na ɗayan kuwa bai ko kama hanya ba. Da aka bi diddigi sai aka ga na farkon ya taɓa kamuwa da cutar, wani ma bai san ya yi ta ba. Tambayoyin da ke ƙasa duk daga wannan suka samo asali, kuma har yau mutane na yin su.

Mene ne antibodi, kuma me ya haɗa shi da allura?

Antibodi wani furotin ne da garkuwar jiki take ƙerawa don ya manne wa baƙon abu da ya shigo. Kowanne da abin da aka ƙera shi dominsa. Wanda aka yi don ƙyanda ba ruwansa da korona. Ƙwayar SARS-CoV-2 mai jawo cutar COVID-19 tana da ƙayoyi a bayanta, da su take kama wata kafa a jikin ƙwayoyin halittarmu da ake kira ACE2, ta shige ciki ta hayayyafa. Antibodin da ya manne a daidai bakin ƙayar ya tare mata hanya ke nan, kuma irinsa ne ya fi daraja. Akwai waɗanda ke mannewa a wasu wuraren, ba sa hana shiga, amma suna yi wa ƙwayar alama don wasu ƙwayoyin garkuwa su zo su cinye ta.

Alluran Pfizer-BioNTech da Moderna da AstraZeneca da Johnson & Johnson ƙayar kaɗai suke nuna wa jiki. Na Sinovac da Sinopharm kuwa ƙwayar dungurungum ake nunawa bayan an kashe ta. Kamuwa da cutar ma nuna wa jiki ƙayar ne, sai dai tare da ƙwayar mai rai da duk ɓarnar da take iya yi.

Me ke faruwa a jikin wanda ya warke idan aka yi masa allura?

Ranar da jiki ya fara haɗuwa da ƙayar, ba shi da komai a hannu. Sai ya lalubo, cikin tarin ƙwayoyin garkuwa da ake kira ƙwayoyin B, 'yan ƙalilan da siffarsu ta ɗan dace da ita, ya yawaita su, sannan su fara fitar da antibodi. Wannan aikin yakan ci mako 1 zuwa 3. Bayan an warke, yawan antibodi a jini yakan fara sauka sannu a hankali, amma wasu ƙwayoyin B ba sa tafiya ko'ina. Su ne masu tunawa. Suna nan a kaluluwa da saifa da cikin jini, ba sa fitar da antibodi, suna jira.

Allura a jikin irin wannan mutum ba sabon darasi ba ce. Kamar wanda ya taɓa haddace karatu ne ya kwana biyu bai duba ba: da an ɗauko masa farkon layi sai ya zarce da sauran. Masu tunawa suna ganin ƙayar sai su farka, su ninka kansu, su koma masu zuba antibodi cikin 'yan kwanaki.

An auna wannan ƙarara. Florian Krammer da abokan aikinsa na makarantar likitanci ta Mount Sinai a New York sun wallafa a mujallar New England Journal of Medicine a 2021 cewa bayan allura ta farko ta Pfizer ko Moderna, antibodin waɗanda suka taɓa kamuwa ya ninka na waɗanda ba su taɓa ba sau 10 zuwa 45. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, da allura ɗaya tak sun zarce abin da sauran suka samu bayan allura biyu, da fiye da ninki 6. A Landan ma an bi ma'aikatan asibiti a daidai lokacin, aka ga hoto iri ɗaya. Masana suka ba wannan yanayi suna, haɗaɗɗiyar garkuwa, wato wadda kamuwa da allura suka haɗu suka gina. Shane Crotty na cibiyar La Jolla a Kalifoniya ya yi rubutu a kanta a mujallar Science a watan Yunin 2021, sunan ya bazu daga nan.

Yawan ne kawai ya ƙaru, ko har da inganci?

Har da inganci, kuma a ganina nan ne labarin ya fi armashi.

Bari mu fara da yadda ake auna ingancin. A ɗakin gwaji ana ɗebe ruwan jinin mutum, a tsarma shi kashi-kashi: rabi, rubu'i, ɗaya bisa takwas, a yi ta tafiya har ɗaya bisa dubbai. Kowane kashi a gauraya shi da ƙwayar cutar, a zuba a kan ƙwayoyin halitta da aka shimfiɗa a wani faranti mai ƙananan ramuka. Washegari ko bayan kwana biyu a duba a wane rami ne ƙwayar ta fara samun shiga. Jinin da ya ci gaba da tare ta ko bayan an tsarma shi sosai, shi ne mai ƙarfi. Ana iya maimaita gwajin da wani nau'in ƙwayar daban, a ga ko antibodin zai gane shi.

Da aka yi haka da nau'in Beta, wanda aka fara ganowa a Afirka ta Kudu a ƙarshen 2020, jinin yawancin waɗanda suka warke ba tare da allura ba ya gaza tare shi yadda ya kamata. Masu bincike a cibiyar Fred Hutchinson ta Seattle suka auna mutanen kafin allura da bayanta, suka ga allura ɗaya ta ɗaga ƙarfin jinin wasu har ninki 1,000, ya koma yana tare Beta, har ma da ƙwayar SARS ta 2003, wata dangin korona, wadda mutanen ba su taɓa haɗuwa da ita ba. Abin lura, allurar da aka yi musu an gina ta ne a kan ƙayar nau'in farko na Wuhan, ba ta Beta ba.

Ta ina jiki ya san abin da bai gani ba? Amsar tana cikin kaluluwa. Bayan kamuwa, ƙwayoyin B sukan taru a wasu ƙananan cibiyoyi cikin kaluluwa, kowacce tana ɗan sauya siffar antibodinta, ana zaɓar waɗanda suka fi iya riƙe ƙayar, sauran su mutu. Aikin ba na kwana ɗaya ba ne, watanni yake ɗauka. Michel Nussenzweig da tawagarsa a Jami'ar Rockefeller sun bi mutanen da suka warke, suka ga bayan wata 6 antibodin da ke yawo a jininsu ya ragu, amma masu tunawa sun ƙara gogewa: antibodin da suke iya fitarwa ya fi ƙarfi, kuma sauye-sauyen ƙaya ba sa ruɗa shi da sauƙi. Gogewar tana nan a ɓoye, ba a ganinta a gwajin jini na yau da kullum. Allura ce take fito da ita fili. A cikin mutanen nan, waɗanda aka yi wa allura daga baya ƙarfin jininsu ya ƙaru kusan ninki 50.

A Singafo an ga abin da ya fi haka nisa. Linfa Wang na makarantar Duke-NUS ya nemo mutanen da suka tsira daga SARS ta 2003, waɗanda aka yi wa allurar Pfizer bayan shekara 17 ko fiye. Jininsu ya tare nau'o'in SARS-CoV-2 da aka gwada, ya kuma tare wasu danginta da ake samu a jikin jemage da dabbar fangolin. Ƙwayoyin B masu tunawa da suka yi shekaru suna kwance ne suka tashi.

Na yi cutar na warke, jikina ya riga ya san ta. Me zan yi da allura?

Gaskiya ne jikinka ya san ta, kuma duk wanda ya ce maka warkewa ba ta ba da kariya bai faɗi daidai ba. Matsalar ita ce kariyar kamuwa ba ta da ma'auni ɗaya. Wani ya fito da antibodi mai yawa, wani kaɗan, wani ma gwaji ba ya ganin komai a jininsa, kuma kai da kanka ba ka da hanyar sanin a wane rukuni kake. Allura ita ce take ɗaga na ƙasa ta kai shi inda na sama yake, ta kuma ƙara wa na saman.

Ba a ɗakin gwaji kaɗai aka ga haka ba. A jihar Kentucky ta Amurka, CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, ta duba mutanen da suka kamu a 2020, ta ga waɗanda ba su yi allura ba sun fi waɗanda suka yi yiwuwar sake kamuwa da fiye da ninki 2. A Isra'ila, bayanan asusun lafiya na Clalit a zamanin nau'in Delta sun nuna allura bayan warkewa ta rage sake kamuwa da kashi 82 cikin 100 ga 'yan shekara 16 zuwa 64, da kashi 60 ga 'yan 65 zuwa sama. A Birtaniya, binciken SIREN da ya bi dubban ma'aikatan lafiya ya ga kariyar kamuwa kaɗai tana dusashewa bayan shekara, amma ta waɗanda suka ɗora allura a kai ta tsaya sama da kashi 90 fiye da shekara guda bayan kamuwar.

Da nau'in Omikron ya zo, lissafin ya sauya, amma jerin bai sauya ba. Wani nazari da ya tattara bincike da dama, aka wallafa a Lancet Infectious Diseases a Janairun 2023, ya gano cewa bayan wata 12 kamuwa kaɗai tana kare mutum daga kwanciya asibiti ko ciwo mai tsanani da kusan kashi 75, haɗaɗɗiyar garkuwa kuwa da kusan kashi 97. Game da sake kamuwa kuwa duka biyun sun sauka sosai: kusan kashi 25 da kusan kashi 42. A kula da waɗannan lambobi biyu na ƙarshe. Haɗaɗɗiyar garkuwa ba ta ce ba za ka ƙara kamuwa ba. Abin da ta fi iyawa shi ne hana cutar kai ka gadon asibiti.

Tunda haka ne, allura ɗaya ta ishe ni?

Ga lafiyayyen mutum da ya taɓa kamuwa, allura ta biyu da aka yi bayan mako 3 ko 4 ba ta ƙara wani abin kirki a yawan antibodi ba. Binciken Mount Sinai da na Seattle duk sun ga haka. Kamuwar ta tsaya a madadin allurar farko. Shi ya sa a Fabrairun 2021 hukumar lafiya ta Faransa ta ba da shawarar allura ɗaya ga waɗanda suka warke, Jamus da Italiya ma suka bi irin wannan hanya. Amurka da Birtaniya ba su bi ba, suka ci gaba da yi wa kowa biyu, saboda tantance wanda ya taɓa kamuwa da wanda bai taɓa ba aiki ne mai cin lokaci a sa'ad da ake gaggawa.

Yanzu maganar ta sauƙaƙa. A Disambar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa aƙalla kashi 90 na mutanen duniya suna da wata garkuwa daga kamuwa ko allura, kuma a ƙarshen 2023 ta ba da shawarar allura ɗaya ga yawancin waɗanda ba su taɓa yi ba. Amma "ɗaya ta isa" magana ce ta farawa, ba ta har abada ba. Tsofaffi da masu ciwon da ke tare da su ana sabunta musu lokaci-lokaci, masu raunin garkuwa kuma tun farko biyu ko uku ake yi musu.

Yaushe ya fi dacewa a yi allura bayan an warke?

Ba a yin ta ana cikin ciwo. A bari zazzaɓi ya sauka, a fita daga kwanakin da ake iya shafa wa wasu. Bayan haka babu haɗari a yi ta da wuri, sai dai jira yana da riba. Dalilin shi ne wancan aikin na cikin kaluluwa: idan aka ba masu tunawa lokaci suka goge, abin da allura za ta tayar ya fi kyau. Wani dalilin kuma, antibodin da ke cike da jini a makonnin farko yakan kama ƙayar da allura ta kawo kafin ta gama aikinta. A Jami'ar Johns Hopkins an ga ma'aikatan da suka kamu fiye da kwana 90 kafin allura sun fi waɗanda tazararsu ba ta kai haka ba yawan antibodi.

CDC ta ce mutum na iya jinkirtawa wata 3 daga ranar da ciwon ya fara, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce har wata 6. Jiran na mai ƙoshin lafiya ne. Tsoho, ko mai shan maganin da ke danne garkuwa, ko wanda cutar ke yaɗuwa sosai a inda yake, likitansa na iya cewa kada ya jira har ƙarshen wa'adin, kuma maganar likitan ce abin bi.

Me ya sa allurar ta fi jijjiga ni fiye da waɗanda ba su taɓa kamuwa ba?

Saboda jikinka a shirye yake. Kasala, ciwon kai, jin sanyi, zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi alamun garkuwa ce ta tashi da ƙarfi. Wanda bai taɓa kamuwa ba yakan ji wannan a allura ta biyu, kai kuma tun a ta farko. Yawanci kwana 1 zuwa 2 ne ya wuce.

Wasu sukan shafa hammatar hannun da aka yi allurar su ji ɗan ƙullutu mai zafi, hankalinsu ya tashi. Kaluluwa ce, kuma a nan ake aikin. Ali Ellebedy na Jami'ar Washington da ke St. Louis ya riƙa zuƙo samfuri daga kaluluwar hammatar masu sa kai da siririyar allura, ya ga cibiyoyin horar da ƙwayoyin B suna nan suna aiki aƙalla mako 12 bayan allura ta biyu. Kumburin da ake ji da hannu yakan baje tun kafin nan. Idan ya yi makonni yana ƙaruwa, a nuna wa likita. Ciwon ƙirji, ƙarancin numfashi ko bugun zuciya da ba a saba ba a kwanakin da suka biyo bayan allura, musamman ga samari, ba abin jira ba ne. A je asibiti a ranar.

Ciwona bai yi tsanani ba, ko tari ban yi ba. Ni ma na samu wannan ribar?

Ka samu, ko da ba daidai da ta wanda ya sha jinya ba. Waɗanda suka kwanta asibiti sukan fito da antibodi mafi yawa, waɗanda ba su ji komai ba kuma mafi ƙaranci, nasu ya fi saurin ɓacewa daga gwaji. Amma yawancinsu suna da masu tunawa, kuma allura tana tayar da su. Kai ne ma ka fi buƙatarta, don abin da kamuwar ta bar maka bai kai ya tsaya shi kaɗai ba.

Ni allurar na fara yi, daga baya na kamu. Duk ɗaya ne?

Kusan ɗaya ne a wajen antibodi. Masu bincike a Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Oregon sun gwada rukunin biyu, suka wallafa a farkon 2022 cewa duka sun zarce masu allura kaɗai, kuma babu wani babban bambanci a tsakaninsu. Inda bambancin yake shi ne a hanyar da aka bi: wanda allura ta riga cutar isa jikinsa ya haɗu da ita da shiri.

In dai antibodin ya kai haka, me ya sa har yanzu ake sake kamuwa?

Abu uku ne suka haɗu. Na farko, antibodi ba ya dawwama a ƙololuwa. Irin wanda ya fi yawa a jini, IgG, rabinsa yakan ƙare cikin kusan mako 3 idan ba a zuba sabo ba, kuma yawancin ƙwayoyin da suka yi rububin fitar da shi bayan allura gajeren rai gare su. Kaɗan ne suke komawa cikin ɓargo su zauna suna fitarwa a hankali, shi ya sa yawan yakan faɗi da sauri a watannin farko sannan ya daidaita a ƙasa.

Na biyu, ƙwayar ta hanci da maƙogwaro take shiga, allura kuwa a damtse ake yi. Antibodin jini yana kare huhu sosai, amma kaɗan ne yake isa saman hanci. Mai gadin wurin wani iri ne da ake kira IgA, wanda ke cikin majina da yawu. Allurar damtse ita kaɗai ba ta cika tayar da shi ba. Kamuwa tana yi, kuma allura bayan kamuwa tana ƙara shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa haɗaɗɗiyar garkuwa ta fi tare kamuwa, amma shi ma IgA na hanci yakan ragu cikin watanni.

Na uku, ƙwayar tana sauya kama. Omikron, wanda Afirka ta Kudu ta sanar da shi a Nuwambar 2021, ya zo da sauye-sauye fiye da 30 a ƙayarsa kaɗai. A Durban, Alex Sigal da abokan aikinsa sun gwada shi da jinin masu allurar Pfizer cikin makonni kaɗan: ƙarfin jinin ya faɗi warwas, amma na waɗanda suka taɓa kamuwa kafin allura ya riƙe wani abu mai kauri, don daga sama sosai ya faro.

Abin da ya sa sake kamuwa ba ta cika kai mutum asibiti ba shi ne, masu tunawa suna tashi cikin kwana kaɗan, ga kuma ƙwayoyin T masu farautar ƙwayoyin halittar da cutar ta riga ta shiga. Su ƙwayoyin T guntu-guntun ƙwayar suke ganewa a wurare da yawa, sauyin bakin ƙaya bai cika makantar da su ba. Wanda ya taɓa kamuwa yana da waɗanda suka san har kayan cikin ƙwayar, ba ƙayar kaɗai ba.

To ashe gara in bari in kamu don in sami irin wannan garkuwar?

A'a, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi damuna a duk jerin. Duk lambobin da aka kawo a sama daga jinin waɗanda suka rayu aka samo su. Mutum fiye da miliyan 7 da aka kai wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoton mutuwarsu ba sa cikin lissafin. Waɗanda suka tashi da huhu mai tabo, ko gudan jini, ko gajiyar da ta hana su aiki watanni, su ma garkuwarsu ta ƙaru, amma ba wanda zai ce sun ci riba. Kuma mai ɗauke da cutar ba shi kaɗai take tsaya wa ba. Tana bin sa har wurin mahaifiyarsa tsohuwa da jaririn da bai isa allura ba. Binciken nan bayani ne ga wanda kamuwa ta riga ta same shi, yana gaya masa cewa allura za ta yi masa amfani sosai. Ba gayyata ba ce.

Na ji an ce kamuwar farko tana iya ɗaure garkuwa a kan tsohon nau'i. Gaskiya ne?

Akwai ƙamshin gaskiya. Tun 1960 Thomas Francis ya bayyana irin wannan a murar infuluwenza: jiki yakan fi karkata ga nau'in da ya fara gani. Idan sabon nau'i ya zo, tsofaffin masu tunawa ne suke rigan kowa tashi, su fitar da antibodin da ya dace da wuraren da tsoho da sabo suka yi tarayya, sababbin ƙwayoyin B da za su koyi wuraren da suka sauya kuma ba sa samun fili sosai. Rosemary Boyton da Danny Altmann na Imperial College a Landan sun nuna a 2022 cewa ma'aikatan da suka kamu a zangon farko na annobar, suka yi allura uku, sannan suka kamu da Omikron, antibodinsu na tare Omikron bai ƙaru ba kamar na waɗanda ba su yi kamuwar farkon ba.

Wannan bai rushe abin da aka faɗa a baya ba. Kariya daga ciwo mai tsanani tana nan. Abin da ya sauya shi ne yadda ake haɗa allurar. Ta 2022 ta ƙunshi tsohon nau'i da Omikron tare; a Mayun 2023 kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawarar a cire tsohon gaba ɗaya a koma kan dangin XBB.1 kaɗai, a Afrilun 2024 kuma aka koma JN.1, dukansu rassan Omikron ne. Ɗaya daga dalilan shi ne kada a ci gaba da tuna wa jiki nau'in da ya daina yawo.

Murar da aka saba yi ma ai wasu korona ne ke kawo ta. Ita ma ta shiga lissafi?

Akwai guda 4 da suka daɗe cikin mutane: OC43, HKU1, 229E da NL63. Kusan kowa ya haɗu da su tun yana yaro. Gindin ƙayarsu ya ɗan yi kama da na SARS-CoV-2, amma bakin ya bambanta, don haka ba sa ba da irin tashin antibodin da ake magana a nan.

Zan iya yin gwajin antibodi in san ko ina buƙatar allura?

Gwajin yana iya gaya maka ka taɓa haɗuwa da ƙwayar ko da allura. Ba ya iya gaya maka ko kana da kariya. Babu wata lamba da aka amince cewa wanda ya haye ta ya tsira, gwaje-gwajen kamfanoni daban-daban ba sa ba da lamba ɗaya, yawancinsu ƙayar tsohon nau'i suke amfani da ita, kuma ba sa ganin masu tunawa ko ƙwayoyin T. Tun a Mayun 2021 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi mutane kada su dogara da shi wajen yanke shawarar allura.

Idan takardar sakamako ta zo hannunka, duba harafin da ke jikin sunan gwajin. S na nufin ƙaya, kuma yakan fito ga wanda ya kamu da wanda ya yi allura duka. N na nufin wani furotin na cikin ƙwayar, wanda alluran Pfizer, Moderna, AstraZeneca da Johnson & Johnson ba sa ɗauke da shi; in ya fito, kamuwa ce. Ga wanda ya yi Sinovac ko Sinopharm wannan rarrabewar ba ta aiki, tunda allurar da kanta tana da N. Kuma antibodin N ya fi saurin ɓacewa, don haka rashin ganinsa bai tabbatar da cewa ba ka taɓa kamuwa ba.

Tsofaffi, masu raunin garkuwa da masu juna biyu fa?

Tsufa yana rage ƙarfin amsar jiki da tsawon zamanta. Tsohon da ya taɓa kamuwa ya fi takwaransa da bai taɓa ba yawan antibodi bayan allura, amma a alƙaluman Isra'ila da aka ambata an ga ribar ta fi ƙanƙanta bayan shekara 65. Shi ya sa ake sabunta musu bayan wata 6 zuwa 12, gwargwadon shekaru da lafiyarsu.

Wanda aka yi wa dashen ƙoda, ko yake karɓar maganin ciwon daji, ko maganin da ke share ƙwayoyin B irin su rituximab, kada ya auna kansa da lambobin da ke sama. Idan ƙwayoyin B ba sa nan, kamuwa ba ta bar masu tunawa sosai ba, allura kuma ba ta da abin tayarwa da yawa. Lokacin da aka yi allurar yana da muhimmanci ƙwarai a nan. Likita yakan nemi tazara tsakaninta da zagayen maganin, don haka a gaya masa ranar da aka kamu da ranakun alluran baya.

Ke mai juna biyu, ko kin taɓa kamuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar allura ɗaya a kowane ciki. IgG yana ratsa mabiyiya ya shiga jinin jariri, ya fi yawa a watanni ukun ƙarshe, kuma da shi jaririn yake dogara a watannin farko da ba a yi masa allurar korona. Gwargwadon yawan abin da ke jininki, gwargwadon abin da zai samu. Idan kin kamu kwanan nan, ki faɗa wa mai duba ki a wurin awo ranar da ciwon ya fara, don a zaɓi lokacin da allurar za ta fi amfanar ku biyun.